Sintiri a bakin daji: Aikin da doka ta ɗora wa ɗan sanda a Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa

A ranar Lahadi 9 ga Yunin 2024, 'yan bindiga suka afka wa wasu ƙauyuka na yankin 'Yargoje a Ƙaramar Hukumar Ƙanƙara. Sanarwar rundunar 'yan sandan Jihar Katsina ta ce an kashe mutum 20 a Gidan Tofa da Ɗan Nakwabo, ko da yake mazauna yankin sun ce adadin ya haura haka. Sanarwar ta ƙara da cewa ayarin jami'an da suka taso domin kai ɗauki ya faɗa kwanton ɓauna a hanya, aka kashe 'yan sanda huɗu da jami'ai biyu na rundunar tsaron al'umma ta jihar.

Duk lokacin da aka kai hari irin wannan, tambaya ɗaya ce ke fara fitowa daga bakin jama'a: ina jami'an tsaro suke? A wannan rana amsar ita ce suna kan hanya, kuma shida daga cikinsu ba su isa ba. Duk da haka tambayar tana nan da ƙarfinta, domin ayarin ya tashi ne bayan maharan sun riga sun shiga gari, alhali aikin sintiri, yadda aka tsara shi, ya kamata ya fara tun kafin nan.

Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa mazaɓar tarayya ɗaya ce, kuma duka ukun suna cikin ƙananan hukumomin da ke bakin daji. A nan, darajar sintiri tana rataye ne a kan tazarar da ke tsakanin sa'ar da wani ya ga motsin 'yan bindiga da sa'ar da jami'i ya iso. Mota da bindiga suna rage wannan tazara, amma kafin su akwai sharaɗi guda: mutumin da ya gani ya yarda ya faɗa.

Hanawa ta riga kamawa

Sashe na 4 na Dokar 'Yan Sanda ta 2020, wadda marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a watan Satumban shekarar, ya jera ayyukan rundunar. Abu na farko a jerin shi ne hana aukuwar laifi da gano shi, tare da kare haƙƙi da 'yancin kowane mutum. Bayansa sai tabbatar da doka da oda, da kare rayuka da dukiyoyi.

Sintiri ne babbar hanyar sauke wannan nauyi na farko. Mai binciken laifi yana karɓar aiki ne bayan ɓarna ta auku, shi kuwa ɗan sintiri ana tura shi tun ba ta auku ba. Abu uku ake nema daga gare shi. Na ɗaya, a gan shi, domin mai mugun nufi ya ja da baya, manomi da ɗan kasuwa kuma su samu ƙarfin gwiwar fita. Na biyu, ya ji: ya san baƙon da ya sauka a unguwa, da wanda ya fara sayen burodi da fetur fiye da buƙatar gidansa, da hanyar da aka ga sawun babura da asuba. Na uku, ya isa inda aka kira shi kafin zuwansa ya zama ihu bayan hari.

Yawo kawai ba ya biyan wannan buƙata. A shekarun 1972 da 1973, 'yan sandan birnin Kansas na Amurka sun yi wani gwaji da ya shahara: suka ninka motocin sintiri a wasu unguwanni, suka janye su daga wasu sai an kira, suka bar sauran yadda suke. Bayan shekara guda ba a ga bambanci na a-zo-a-gani ba a yawan laifuka. Wani bincike da aka yi a birnin Miniyapolis, aka wallafa a 1995, ya nuna cewa laifi yana raguwa idan aka tattara sintiri a 'yan wuraren da aka san ya fi aukuwa. Biranen Amurka ba dajin Faskari ba ne, amma darasin ya dace da shi: sintiri mai amfani shi ne wanda ya san inda zai tsaya da lokacin tsayawar, kuma daga bakin jama'a wannan sani yake fitowa.

Su wa ke sintiri, kuma wa ke ba su umarni?

Wanda ya bi hanyar Funtuwa zuwa Gusau, ta Sheme da 'Yankara, zai ci karo da kaki iri-iri, kowanne da huruminsa da wanda yake amsa wa.

'Yan sandan ofishin yanki su ne tushe. Kowace ƙaramar hukuma tana da babban ofishi ƙarƙashin baturen 'yan sanda, wato DPO, da ƙananan ofisoshi a wasu garuruwa. DPO yana amsa wa kwamandan shiyya, shi kuma yana amsa wa Kwamishinan 'Yan Sanda a Katsina. Sai 'yan sandan kwantar da tarzoma, waɗanda ake turowa rukuni-rukuni, wani lokaci daga wata jihar, su zauna a sansani har a canza su. Biyar ɗin da aka kashe a Gatikawa ta Ƙanƙara a watan Yulin 2022 daga cikinsu suke. Akwai sojoji, waɗanda suka kafa babban sansani a Faskari inda aka ƙaddamar da farmakin Sahel Sanity a watan Yulin 2020. Akwai kuma jami'an Sibil Difens. Dukkansu na gwamnatin tarayya ne.

Sashe na 214 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya tanadi rundunar 'yan sanda ɗaya tak ga ƙasar. Sashe na 215 ya ba gwamna damar bai wa kwamishina umarni kan tsaron jama'a, amma ya bar wa kwamishinan ƙofar neman a miƙa batun ga Shugaban Ƙasa kafin ya aiwatar. Ba haka abin yake ba a da. Har zuwa ƙarshen shekarun 1960, En'e tana da nata 'yan doka, 'yan ƙasa da suka san kowane lungu, amma aka narkar da su cikin rundunar tarayya bayan ƙorafin cewa masu mulki na amfani da su wajen muzguna wa 'yan adawa. Muhawarar 'yan sandan jihohi har yanzu tana kai-komo ne tsakanin amfanin sanin gida da tsoron irin wancan zalunci.

Wannan gurbi ne gwamnatin Dikko Umaru Raɗɗa ta nemi cikewa a ranar 10 ga Oktoban 2023, da ta ƙaddamar da rundunar Community Watch Corps, wadda aka fi sani da C-Watch, da jami'ai 1,466 a rukunin farko. An ɗebo su ne daga ƙananan hukumomin da matsalar ta fi shafa, bisa hujjar cewa ɗan gari ya fi baƙo sanin hanyoyin dajinsu. Aikinsu tallafa wa jami'an tarayya ne, kuma wanda suka kama hannun 'yan sanda ya kamata ya koma. Bayan su akwai 'yan banga da mafarauta, waɗanda suka daɗe suna gadin garuruwansu.

Yadda ranar aiki take gudana

Bisa ƙa'idar rundunar, aikin ɗan sintiri yana farawa da fareti a harabar ofis. A kira suna, a duba kaki, sannan jami'in da ke kula da sintiri ya bayyana abin da ya faru daren jiya da abin da ake sa ido a kansa: babur ɗin da aka sace, mutumin da ake nema, ƙauyen da aka samu labarin ana shirin kai wa hari. Daga nan sai ma'ajiyar makamai, inda ake rubuta lambar bindigar da aka ba kowa da adadin harsasai, ya sa hannu. Idan ya dawo za a sake ƙirgawa, kuma duk harsashin da ya ragu sai ya yi bayaninsa. A kan kanta kuma akwai babban littafin ofis, inda ake shigar da lokacin fitar ayari, da sunayen waɗanda ke cikinsa, da inda suka nufa, da lokacin dawowarsu. Duk ƙorafin da aka kawo da duk kiran neman ɗauki, nan ya kamata a rubuta shi da sa'arsa.

Sintirin kansa iri-iri ne. Akwai na ƙafa a cikin gari: tasha, bakin kasuwa, makarantu, masallacin Juma'a. Akwai na mota a manyan hanyoyi, kamar ta Ƙanƙara zuwa Sheme ko ta Ɗandume zuwa Sabuwa. Akwai tsayuwa a wata mararraba ko gada da aka san 'yan bindiga na tsallakawa ta nan. Akwai rakiyar 'yan kasuwa ranar cin kasuwa, da ta manoma lokacin shuka da girbi. Sannan akwai na haɗin gwiwa, inda 'yan sanda da sojoji da 'yan C-Watch ke fita tare, ɗan gari yana nuna hanya.

Ba harin 'yan bindiga kaɗai ke zuwa hannun ɗan sintiri ba. Akwai rikicin iyakar gona, da shanun da suka shiga shuka, da faɗan matasa, da satar waya, da haɗarin mota, da yaron da ya ɓace a kasuwa. Waɗannan ƙananan abubuwa su ne ke gina sunan ofis ko su rushe shi. Masu nazarin rikicin Arewa maso Yamma da dama sun danganta tushensa da ƙorafe-ƙorafen manoma da makiyaya da aka bari ba a warware ba, ko aka warware da son zuciya.

Idan kuwa hari ne, ɗan sintiri ne ya kamata ya zama jami'in farko a wurin. Ya sanar da ofis ta oba-oba ko waya, ya tunkari maharan idan ƙarfinsa ya kai ko ya nemi ƙari, ya kai waɗanda suka ji rauni asibiti, ya tsare wurin don kada a ɓata shaida, ya ɗauki sunayen waɗanda aka kashe ko aka sace da bayanin waɗanda suka gani. Wata doka ta 2017 ta wajabta wa kowane asibiti karɓar mai raunin bindiga ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba. Ranar jami'in ba ta ƙarewa sai ya rubuta rahoto, kuma watanni bayan haka ana iya kiransa kotu ya ba da shaida a kan abin da ya rubuta.

A watan Afrilun 2019, Sufeto Janar na lokacin, Mohammed Adamu, ya ba da umarnin a koma aikin sa'a takwas, rukuni uku a rana, maimakon sa'a 12, yana mai danganta kuskuren harbi da gajiyar jami'ai. Umarnin ya bar ƙofa ga yanayin gaggawa. A sansanin da ke bakin daji, inda jami'i ke kwana a wurin aikinsa, gaggawar ba ta da ranar ƙarewa.

Faɗin ƙasa da ƙarancin hannu

Faskari na da faɗin murabba'in kilomita 1,750, Ƙanƙara 1,462, Sabuwa 642. Idan aka haɗa su, sun ɗara Jihar Legas faɗi. Ƙidayar 2006 ta ba su mutum sama da rabin miliyan, a warwatse cikin garuruwa da ƙauyuka da rugage. Suna jingine da dazukan da suka miƙa zuwa Tsafe a Zamfara da Birnin Gwari a Kaduna. Ɗan bindiga yana tsallaka iyakar jiha ba tare da ya nemi iznin kowa ba, ayarin sintiri kuwa yana da iyakar yankinsa da shugaban da zai sanar.

Damina tana ƙara wahalar. Dawa da masara sukan yi tsayin da zai ɓoye mutum a kan babur, rafuka su cika, hanyoyin burji su koma taɓo. Motar sintiri ko mai sulke tana da hanya ɗaya ko biyu da za ta bi zuwa ƙauye, kuma maharan sun san su. Shi ya sa kwanton ɓauna ke da sauƙin shiryawa: a kai hari wuri ɗaya, a ajiye wasu a hanyar da ɗauki zai biyo.

Ga kuma batun adadi. A daren 11 ga Disamban 2020, da aka kai hari Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Ƙanƙara, rundunar ta ce 'yan sandan da ke gadi sun yi musayar wuta da maharan, har wani sufeto ya ji rauni. Hakan bai hana a kora ɗaruruwan ɗalibai cikin daji ba, waɗanda aka sako 344 daga cikinsu a ranar 17 ga watan. Jami'an suna wurin, amma an fi ƙarfinsu.

A 2023 Sufeto Janar Kayode Egbetokun ya ce rundunar na buƙatar ƙarin jami'ai 190,000. Waɗanda ake da su ma ba duka ke kan titi ba. A 2018 shugaban Hukumar Kula da Ayyukan 'Yan Sanda na lokacin, Mike Okiro, ya ce sama da 150,000 suna gadin manyan mutane. A watan Nuwamban 2025 Shugaba Bola Tinubu ya ba da umarnin janye 'yan sanda daga wannan gadi, irin umarnin da sufetoci janar da dama suka sha bayarwa bai ɗore ba. Kowane kurtu da ke riƙe da jakar wani babba a Abuja, gurbi ne a motar sintiri a Sabuwa.

Idan hukuma ta yi nisa, jama'a kan ɗauki aikin da kansu, kuma abin yana zuwa da tsada. A farkon Fabrairun 2023, 'yan sa-kai daga ƙauyukan Bakori suka bi sawun shanun da aka sace har dajin 'Yargoje. Rundunar 'yan sanda ta ce an kashe 41 daga cikinsu.

Iyakar ikonsa a kan hanya

Yawancin matasa a shingen bincike suke haɗuwa da ɗan sintiri. Dokar 2020 ta ba shi ikon tsayar da mutum ko abin hawa ya bincika idan yana da ƙwaƙƙwaran dalilin zargin akwai makami ko kayan sata, amma ta gindaya sharuɗɗa. Dole ya kasance cikin kaki ko ya rataya katin shaidarsa a fili. Kafin ya fara, ya faɗi sunansa da ofishinsa da abin da yake nema da dalilinsa. Sashe na 54 ya ce shekarun mutum, ko launin fatarsa, ko askinsa, ko irin tufafinsa, ko kallon masu laifi da ake yi wa wata al'umma, ba su isa dalilin zargi ba. A yankin da kamannin Bafulatani kaɗai ke iya jawo wa mutum tuhuma a kasuwa, wannan sashe yana da nauyi ƙwarai.

Idan bincike ya kai ga kamu, dole a gaya wa mutum dalilin kama shi, da cewa yana da ikon yin shiru har ya ga lauya, a kuma sanar da danginsa ba tare da ya biya ko kwabo ba. Sashe na 36 ya haramta kama wani a madadin wanda ake nema, wato ba a tsare uba a caji ofis don ɗansa ya gudu. Ba a kama mutum kan bashi ko saɓa yarjejeniyar ciniki kawai. Sashe na 35 na Kundin Tsarin Mulki ya ce a gurfanar da wanda aka kama cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu cikin kwana biyu, sai dai ya ware laifukan da hukuncinsu kisa ne. Dokar Hana Azabtarwa ta 2017 ba ta karɓi uzurin yaƙi ko umarnin na gaba ba. Beli a ofishin 'yan sanda kyauta ne, kuma babu dokar da ta san na goro a shinge.

Wanda aka zalunta yana iya kai kuka ga DPO, ko sashen karɓar ƙorafi na rundunar, ko Hukumar Kula da Ayyukan 'Yan Sanda, ko Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Ƙasa. Abin da ke ƙarfafa ƙorafin shi ne sunan jami'i, da lambar mota, da wuri da lokaci. Riƙe waɗannan a ka ya fi aminci a kan gardama da mai bindiga a hanyar daji da dare.

Labari ne man sintiri

Waɗannan sharuɗɗa suna da alaƙa kai tsaye da tsaro. Ɗan acaɓan da aka karɓe wa 'yan kuɗinsa a shinge da safe, shi ne wanda zai hangi ayarin babura ya nufi wani ƙauye da yamma. Makiyayin da aka tsare ƙanensa a madadin wani ba zai sake taka ofis ba, ko da ya san inda aka ɓoye waɗanda aka sace.

Tsoro ma yana rufe baki. Hukumomin jihar sun sha faɗin cewa 'yan bindiga na da infoma a cikin garuruwa. Mai niyyar kai rahoto yana tambayar kansa ko sunansa zai isa daji kafin mota ta isa ƙauyensu. Don haka ɓoye sunan mai ba da labari yana cikin manyan ayyukan ɗan sintiri, ko da yake ba a ganinsa. Dokar 2020 ta tanadi kwamitocin haɗin gwiwar 'yan sanda da al'umma, masu unguwanni da dagatai da hakimai kuma tun asali su ne kunnen hukuma.

Matakan 2021 sun nuna yadda maganin wata matsala ke iya taɓa wannan jijiya. A ƙarshen Agustan shekarar, Gwamna Aminu Bello Masari ya sa hannu a dokar da ta rufe hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme ga motocin haya, ta hana sayar da fetur a jarka, ta dakatar da cinikin dabbobi a kasuwanni da dama, ta taƙaita zirga-zirgar babura da dare. A Satumba aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, har da waɗannan uku, sai a Disamba aka fara dawo da su. Manufar ita ce a raba 'yan bindiga da infomansu. Amma layin da infoma ke kira da shi, da shi ne mai unguwa ke kiran DPO. Aiwatar da hane-hanen kuma ya faɗa kan ɗan sintiri, wanda ya koma farautar jarka da ƙirga fasinjan babur, abin da ya ƙara wuraren da zai yi karo da talakan da yake buƙatar amanarsa.

Sintiri a lokacin sulhu

A 2025 al'ummomi da dama a jihar suka ƙulla sulhu da 'yan bindiga, har da Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara. Gwamnatin jiha ta ce ba ita ta nemi zaman ba, shiri ne na al'umma. A zaman Faskari na watan Satumba an ga Ado Aleru, mutumin da rundunar 'yan sandan Katsina ta sa ladan naira miliyan 5 a kansa a 2020 bayan kisan Kadisau, an kuma ga 'yan bindiga rataye da makamansu a fili.

Wannan ya jefa ɗan sintiri cikin tsaka mai wuya. Doka ta ce ya kama wanda ake nema da duk mai riƙe da bindigar yaƙi ba bisa izni ba, sulhu kuma ya buɗe wa mutumin hanyar kasuwa. Idan ya kama, za a ce ya wargaza lafawar da ta bar mutane suka koma gona. Idan ya kau da kai, ya koya wa matashin gari cewa doka a kan marar bindiga take aiki. Ba kurtu ko saje ne ya kamata ya warware wannan a bakin shinge ba. Shugabannin da ke sama ne ya wajaba su fito da umarni a rubuce. Yankin ya ga bikin ajiye makamai a Ƙanƙara a Janairun 2017, ya ga sulhun 2019, kuma Masari da kansa ya ce an ci amanarsa. Idan har lafawa tana da amfani ga sintiri, shi ne damar komawa ƙauyukan da ya daina zuwa, kafin al'amari ya sake sauyawa.

Da me za a auna?

Sanarwar hukuma ta saba ƙirga waɗanda aka kama, da waɗanda aka ceto, da dabbobin da aka ƙwato, da motocin da aka raba. Alƙaluma ne masu amfani, amma suna faɗin abin da aka saya ne ko abin da aka yi bayan ɓarna. Mai son sanin ko sintiri na aiki a mazaɓarsa yana da wasu tambayoyi da zai kai wa shugaban ƙaramar hukuma, da 'yan majalisar jiha da na tarayya, da kwamitin hulɗar 'yan sanda da jama'a.

Jami'ai nawa ne aka tura ofishin yankin, kuma nawa ne daga cikinsu ke aikin sintiri? Motoci nawa ne ke tashi, kuma wa ke zuba musu mai? Gundumomi nawa ne ayari bai taka ba tun farkon damina? Yaushe aka biya alawus ɗin waɗanda ke sansani, kuma iyalan waɗanda aka kashe a bakin aiki sun karɓi haƙƙinsu? Alƙalin majistare yana ziyartar ɗakin tsare mutane duk wata kamar yadda Dokar 'Yan Sanda ta tanada? Wasu daga cikin amsoshin ba na bazawa a soshiyal midiya ba ne, domin maharan ma suna karatu, amma zaɓaɓɓun wakilai suna da hurumin jin su a zaman sirri, kuma wanda ya zaɓe su yana da ikon sanin ko sun tambaya.

Tambaya mafi girma tana cikin littafin da ke kan kanta. A hari na ƙarshe da aka kai a gundumar, ƙarfe nawa aka yi kiran farko, ƙarfe nawa ayari ya tashi, ƙarfe nawa ya isa? Idan an rubuta waɗannan lokuta uku, za a iya kwatanta na wannan wata da na watan gobe, a gane ko matsalar mai ce, ko hanya, ko ƙarancin jami'ai, ko kuwa jinkirin wanda ya gani bai faɗa ba. Idan ba a rubuta su ba, daga nan ya kamata gyaran ya fara.